Lissafin Taurari: Na Manomi Da Na Mai Duba

 

Cikin wasiƙun da suka iso wa wannan fili a 'yan makonnin nan akwai guda biyu waɗanda ya kamata a haɗa amsarsu wuri ɗaya, ko da yake masu su ba su san juna ba. Ta farko daga wani ɗalibi take a ƙasar Maiyama. Ya ce mahaifinsa tsoho ne manomi, ba ya zuba iri a ƙasa sai ya ƙidaya taurarin damina ya san wanda ake ciki, shi kuwa ya ji an ce a wurin wa'azi duk mai aiki da taurari ya yi shirka, saboda haka yana tambaya ko ya halatta ya ci gaba da bin tsohon nan salla. Ta biyu kuwa daga Aliero ta fito. Mai ita ya ce an sa ranar auren ƙanwarsa, har an kawo lefe, sai wata gwaggon ango ta tafi wurin mai duba, aka buga aka ce taurarin yaro da na yarinya ba su haɗu ba, shi wuta ne ita ruwa, in aka yi auren arzikinsa zai mutu. A kan wannan magana kaɗai aka aiko a mayar da kaya.

Kalma ɗaya ce ta rikita mu. Bahaushe "taurari" yake cewa ga abin da tsohon nan na Maiyama yake yi, "taurari" kuma yake cewa ga abin da mai duba ya yi, alhali kuwa tsakaninsu akwai ratar da ke tsakanin halas da haram. Malaman farko sun raba su da suna. Ɗaya sun kira shi ilmut tasyir, watau sanin tafiyar rana da wata da taurari domin a gane lokaci da jiha. Ɗayan sun kira shi ilmut ta'asir, watau da'awar cewa taurari suna da hannu cikin abin da ke samun ɗan Adam, ko kuwa ana iya karanta gaibu a jikinsu. Ibn Rajab, wanda ya rasu a 1393, yana cikin waɗanda suka fayyace wannan rabuwa sarai. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa ba sai an je da nisa ba. Risalar Ibn Abi Zaid, littafin da kusan kowane almajirin zaure ya ratsa, ta ba da damar duban taurari gwargwadon abin da zai nuna alƙibla da sassan dare, ta kuma hana ƙetare wannan iyaka. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shiryuwa da taurari ga matafiyi a Suratul An'am da Suratun Nahli, ya kuma bayyana a Suratu Yunusa cewa an tsara wa wata masaukai ne domin mutane su san ƙidayar shekaru da lissafi.

To, mene ne tsohon nan yake ƙidayawa? Bari mu tsaya a nan kaɗan, domin ilimi ne da ke neman ɓacewa, kuma da yawan masu zaginsa ba su taɓa sanin yadda yake ba.

Larabawa sun raba hanyar da wata ke bi a sama gida ashirin da takwas, suka kira su manazil, watau masaukai. Wata yana sauka a gida ɗaya kowane dare. Rana kuwa, a ganin ido, tana yin kwana 13 a kowane gida, sai a Jabha ne take yin 14. Wanda ya ninka 13 sau 28 zai sami 364, in ya ƙara kwanan nan ɗaya na Jabha sai shekarar rana ta cika 365. Wannan lissafi ya ƙetaro Sahara tare da littattafan Magrib, malamanmu suka karɓe shi suka ɗora shi a kan lokutan shekarar ƙasar Hausa, kowane lokaci da taurari bakwai. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Na kaka suna farawa daga Sarfa su ƙare a Ƙalbu. Na ɗari daga Shaula zuwa Sa'adul Ahbiya. Na bazara kuwa su ne ke ƙarewa da Surayya da Dabaran, ƙofar damina ke nan.

Surayyar nan ita ce Bahaushe ke kira kaza da 'ya'yanta, kuma tun kafin littafi ya zo kakanninmu sun san ta. Wanda ke kwana a waje da bazara ya sani, ana cikin zafin nan na watan Afrilu za a riƙa ganin kaza tana yin ƙasa-ƙasa a yamma bayan magariba, har ta ɓace gaba ɗaya a watan Mayu, domin rana ta iso gidanta haskenta ya rufe ta. Sai cikin watan Yuni ta sake ɓullowa a gabas kafin alfijir. Tsakanin ɓacewarta da ɓullowarta ne hadari yake fara haɗuwa a wannan ƙasa tamu. Manomin da ya ga kaza ta faɗi ya ce a yi sharar gona, a kai taki, a gyara kalme da sungumi, bai yi da'awar gaibu ba. Abin da ya faɗa bai wuce abin da ma'aikacin ofis yake faɗa ba in ya dubi kalandar bango ya ce Yuni ta kusa.

Akwai kuma dalilin da ya sa manomi Musulmi ya bukaci wannan lissafi fiye da kowa. Shekararmu ta Hijira shekarar wata ce, kwana 354 ko 355, tana gaza shekarar rana da kamar kwana 11. Shi ya sa azumi yake zagaya bazara da damina da kaka da ɗari, ya komo inda ya tashi bayan kamar shekara 33. Wannan rahama ce wajen ibada, amma ba a shuka gero da watan Rajab ko Sha'aban, domin Rajab ɗin bana ba a lokacin na shekara goma da suka wuce yake zuwa ba. Tilas ne a sami wani ma'auni mai tafiya da rana. Kafin kalandar Bature ta shiga kowane gida, ma'aunin nan shi ne manazil, tare da watannin ajami da malamai ke riƙewa, su Yunair da Fabrair har zuwa Dujanbar. Mai noman albasa a Aliero da ke jiran ɗari ya kama kafin dashensa ya yi kyau, da mai shinkafa a fadamun gulbin Zamfara wajen Jega, da makiyayin da ke lissafin ranar komowa daga mashekari, duk da wannan agogo suka rayu shekara da shekaru.

Amma fa akwai wurin da ƙafa ke zamewa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna shi da kansa. Imamu Malik a Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito daga Zaidu ɗan Halid al-Juhani cewa a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, an kwana ana ruwa, da aka idar da sallar asuba sai Annabi ya sanar da sahabbai cewa mutane sun wayi gari kashi biyu a kan ruwan nan. Wanda ya jingina shi ga falalar Allah da rahamarSa shi ne mai imani, wanda kuwa ya jingina shi ga faɗuwar tauraro kaza ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Kalmar da ta zo a hadisin ita ce nau'u, jam'inta anwa'u, watau faɗuwar wani tauraro a yamma da asuba a daidai lokacin da kishiyarsa ke fitowa a gabas. Larabawan jahiliyya suna ganin wannan faɗuwa ita ce ke haifar da ruwa.

Imamu Shafi'i ya warware hadisin da kyau. Ya nuna cewa wanda ya ƙudurta tauraro ne mai saukar da ruwa, wannan kafirci ne, amma wanda nufinsa shi ne an yi ruwa a lokacin tauraro kaza, kamar yadda za a ce an yi ruwa a wata kaza, wannan bai kafirta ba, ko da yake barin lafazin ya fi. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, a lokacin roƙon ruwa, ya tambayi Abbas baffan Annabi kwana nawa suka rage na lokacin Surayya. Umar ne fa, wanda babu mai koya masa ƙyamar shirka. Ya roƙi Allah ruwa, ya kuma tambayi lokacin da Allah Ya saba saukar da shi, bai ga karo tsakanin biyun ba.

Saboda haka, ɗana na Maiyama, bi mahaifinka salla, ka kuma nemi gafararsa in har ka taɓa ɗaga masa murya a kan wannan. In kana son ka tabbatar, tambaye shi cikin ladabi, "Baba, wa ke kawo ruwa?" Na tabbata kafin ka rufe baki zai ce Allah. Abin da za ka iya gyara masa, in ka ji shi, lafazi ne kawai. In ya ce Ɗarfa ta ba mu ruwa, sai ka ce, "Baba, Allah Ya ba mu ruwa a cikin Ɗarfa." Ina kuma jan kunnen ƙannenmu masu hawa mumbari da su riƙa rarrabe magana. Kafirta Musulmi ba abin wasa ba ne, kuma wa'azin da zai mayar da yaro gida yana shakkar imanin ubansa a kan kalandar noma, wa'azi ne da bai nuna ba aka sauke.

Masu karatun tauhidi suna da wani bayani da suke kira hukuncin al'ada, watau haɗuwar abu biyu a kai a kai bisa tsarin da Allah Ya gudanar, tare da yiwuwar saɓawa. Wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, fitowar kaza da saukar damina. Mun kuwa ga saɓawar da idonmu. A farin 1973, da wanda ya biyo baya a 1984, taurarin damina sun shigo ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya makara ko da dare ɗaya, amma gero ya bushe a tsaye. A 2020 kuwa waɗannan taurari dai su ne a sama sa'ad da ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a Jihar Kebbi. Da tauraro ne mai ba da ruwa, da kowace shekara mudu ɗaya za a auna mana. A wannan babi ne kuma hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, ke fitarwa kowace shekara yake shiga. Awon iska ne da zafin teku da lissafin shekarun baya, yana dacewa yana kuskurewa, masu yinsa kuma ba su ce sun san gaibu ba. Sauraronsa ba laifi, kamar yadda duban hadari a gabas ba laifi ba ne.

Yanzu sai mu juya ga mai duba, mu ga shi kuma me yake ƙidayawa.

Abin mamaki na farko shi ne, mafi yawan masu buga wa mutane tauraro a garuruwanmu ba su ɗaga kai su dubi sama. A cikin ɗaki suke, da allo ko faifan yashi, da wani ɗan littafi mai jar takarda da ake jingina wa Abu Ma'ashar, masanin taurarin nan na Bagadaza da ya rasu a 886, irin wanda ake shimfiɗawa a kasuwa tare da sauran littattafai. Hanyar ita ce a ɗauki sunan mutum da na mahaifiyarsa, a mayar da kowane harafi lamba bisa lissafin abajada, a tara, a yi ta zubar da goma sha biyu-goma sha biyu, abin da ya rage shi ne burujinsa. In ɗaya ya rage Hamal ne, rago. In biyu Saur, sa. Haka har zuwa na goma sha biyu, Hut, kifi. Sa'an nan a raba burujan nan ga ɗabi'u huɗu, wuta da ƙasa da iska da ruwa, a ce wannan ya dace da wancan, wancan kuwa ba ya zama da wannan. Iyakar abin ke nan da aka rushe auren yarinyar Aliero da shi.

Ni sana'ata koyar da Larabci ce, saboda haka bari in nuna wani abu da na saba nuna wa ɗalibai a allo. Lissafin abajada iri biyu ne, akwai na mutanen Gabas, akwai na mutanen Magrib wanda shi ne malamanmu suka gada, kuma sun saɓa a haruffa shida. Harafin sadi, alal misali, 90 ne a Gabas, 60 ne a Magrib. Shinun 300 ne a can, 1000 ne a nan. To, a ɗauki yaro sunansa Nasiru, uwarsa Zainabu. Sunan uwar 69 ne a ko'ina. Sunan yaron kuwa, nunun 50, alif 1, ra 200, sai sadi. A lissafin Gabas ya zama 341, a haɗa da 69 a sami 410, a zubar da goma sha biyu-goma sha biyu, 2 ya rage, watau Saur, sa, mai ɗabi'ar ƙasa. A lissafin Magrib kuwa sunan 311 ne, jimla 380, abin da ya rage 8, watau Aƙrab, kunama, mai ɗabi'ar ruwa. Yaro ɗaya, uwa ɗaya. In littafin mai duba bugun Masar ne da lissafin Gabas ya zama sa, in da lissafin da ya koya wurin malaminsa ya buga ya zama kunama. Wace yarinya za a ba shi, wace za a hana shi? Ba mu ma taɓo wanda aka raɗa wa Muhammadu ake kiransa Sani ba, ko wadda sunan yankanta A'ishatu duniya ta san ta da Indo. Kuma duk Nasirun da uwarsa ke Zainabu, daga Jega har Birnin Kebbi, ashe rabonsu ɗaya ke nan, da mai shanu ɗari da mai tura baro?

'Yan boko kuma kada su yi dariya, domin nasu ya zo musu ta wayar hannu. Yara 'yan makaranta yanzu suna tambayar juna burujinsu da sunayen Turanci, suna karanta abin da wai zai same su a mako a Facebook da TikTok, wasu har suna cewa halinsu na fushi ko na rowa daga tauraronsu ne. Wannan ya dogara ne ga ranar haihuwa, a ce wanda aka haifa daga 21 ga Maris rana tana cikin Hamal. Haka abin yake kimanin shekara 2,000 da suka wuce, sa'ad da aka tsara jadawalin. Amma masana falaki sun tabbatar da cewa duniya tana da wani ɗan layi a juyawarta, kamar na katantanwar yara in ta kusa faɗuwa, wanda ke sa matsayin taurari ya gusa da daraja ɗaya a kowace shekara 72 bisa ga lokutan shekara. A shekara 2,000 an gusa kusan buruji guda cur. Wanda aka haifa a ƙarshen Maris a zamaninmu, rana tana cikin taurarin Hut ne ranar haihuwarsa. Yana nan yana karanta labarin rago, alhali ko a bisa ƙa'idar masu abin kifi ne.

Mai hankali zai ce, to ai wannan gusawa ta shafi lissafin manomi shi ma. Gaskiya ne ta shafe shi, har ma watannin ajami da malamai ke riƙewa suna bayan kalandar da muke aiki da ita da kwana 13, domin ba su bi gyaran da aka yi a 1582 ba. Amma a nan ne bambancin yake fitowa fili. Manomi in lissafinsa ya ce lokaci ya yi, sai ya fita ya tona ƙasa ya ga ko laima ta kai zurfin shuka, in ba ta kai ba ya dakata. Lissafinsa yana karɓar gyara, domin ƙasa da sama suna nan suna ƙaryata shi ko su gaskata shi. Mai duba kuwa ba a taɓa kama shi da kuskure. In abin da ya faɗa ya auku, ya ce ai na gaya maka. In bai auku ba, ya ce sadakar da ya sa ka yi ce ta tare. In sharri ya zo bayan ya yi maka bushara, ya ce ba ka cika sharaɗi ba, ko wani ya shiga tsakani, kawo kuɗin wani aikin.

Tarihin Musulmi cike yake da ranakun da aka jarraba su aka gani. Da Halifa Mansur zai gina Bagadaza a 762, masu taurari ne suka zaɓa masa sa'a, har aka yi ta faɗin cewa babu halifan da zai mutu a cikinta. A 813 aka kashe Halifa Amin a cikin Bagadazan. Da Mu'utasim zai fita yaƙin Ammuriyya a 838 sun ce lokacin bai dace ba, ya ƙi saurarensu ya fita, ya kuwa ci garin, Abu Tammam ya yi ƙasidarsa mashahuriya a kan haka. Mafi ban dariya shi ne na shekarar 582 ta Hijira, daidai da 1186. Masu taurari daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗu a kan cewa taurari masu tafiya za su taru a burujin Mizan, za a yi guguwar da za ta rushe birane. Mutane suka haƙa ramuka suka tara guzuri. Ibn Asir ya ba da labari a tarihinsa cewa da lokacin ya zo iska ta ɗauke ɗif, har manoma suka rasa wadda za su yi shiƙar alkama da sha'ir da ita. Ibn Haldun kuma ya keɓe fasali guda a Muƙaddimarsa domin rushe wannan sana'a ta hanyar hankali da ta shari'a.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mini. Za su ce ai manyan malamai sun yi wannan ilimi, har a kawo sunan Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, mai littafin Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari. Ba mu musun zurfinsa a lissafi, kuma abin alfahari ne a ce ɗan ƙasar Hausa ya koyar a Masar. Amma aikin malami ba ya zama hujja a kan hadisi. Mu kuma nan ƙasar Gwandu muke, jikokin jama'ar da ta yi hijira ta yi jihadi a kan tsarkake aƙida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a cikin Nurul Albab ya lissafa masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da halayen taurari da kukan tsuntsaye cikin waɗanda suka gauraya Musulunci da ayyukan kafirci. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafi sukutum, Tanbihu Ahlil Fuhum, a kan wajabcin nisantar masu rufa-ido da masu duban taurari. Waɗannan bayin Allah sun san manazil, sun san lokutan salla da inuwa da tauraro, ba jahilcin falaki ne ya sa suka yi hani ba.

Hukuncin kuwa mai nauyi ne. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Wannan mai tambaya ke nan kawai, wanda ya gaskata shi kuwa abin da ya zo a kansa ya fi haka tsanani. Abu Dawuda kuma ya ruwaito hadisin da ya sanya koyon duban taurari a cikin rassan sihiri. Ƙarshen Suratu Luƙman ya riga ya rufe ƙofar, domin ya sanya abin da rai zai aikata gobe cikin abubuwan da Allah Ya keɓe wa kanSa saninsu. Ba a kuma ce sai wanda ya taka da ƙafa ya je zaure ba. Malamai da yawa na wannan zamani suna ganin wanda ya buɗe shafin buruji a waya yana neman sanin makonsa ya shiga cikin wannan gargaɗi.

Ɓarnar ba ta tsaya ga sallar mai tambaya ba, kuma mata ne suka fi ɗaukar kayanta. Yarinyar da aka fasa aurenta a kan tauraro ba a nan abin yake ƙarewa ba, magana za ta bi ta, gobe in wani ya fito a rada masa cewa an taɓa bugawa an ga ba alheri. Matar da mijinta ya yi hasara a shekarar da ta tare sai a ce farar ƙafa gare ta. Ba mai tambaya ko shi ne ya zuba albasa a rudu da ɗanyenta ta ruɓe, ko ya riƙe ta yana jiran tsada har kasuwa ta karye, ko kuwa bashi ya ci ya yi bikin da ya fi ƙarfinsa. Namiji ya yi wauta, a ɗora wa tauraron mace. Ga mai wasiƙar Aliero ina cewa, ƙanwarka ba ta da wani aibi a shari'a, abin da addini ya ce a duba ga ma'aurata shi ne addini da hali da yarda, sai kuma lafiya, wadda asibiti ke aunawa. Ya kamata dattawan gidajen biyu su zauna da limamin unguwa a karanta wa dangin ango hukuncin abin da suka aikata, domin su ne ke cikin haɗari, su tuba. In sun komo, madalla. In sun ƙi, gidan da gwaggo da mai duba ke yanke hukunci a cikinsa ba wurin da za a yi kukan rasawa ba ne.

Ban ce masu zuwa wurin duba duka miyagu ba ne. Tsoro ne ke kai yawancinsu. Uwa tana tsoron inda za ta kai 'yarta, falke ya tara dukiyarsa duka a mota ɗaya zai aika Kudu, ɗan takara ya sayar da gona ya shiga zaɓe. Zuciya tana son wanda zai ce mata ga abin da ke gaba. Musulunci bai yi watsi da wannan tsoro ba, ya ba shi istihara da shawara. Raka'a biyu da addu'ar da Annabi ya koya wa sahabbai kamar yadda yake koya musu sura, sa'an nan a tambayi masu sanin abin, a bincika, a ɗaura niyya. Sai dai a lura, istihara mutum shi ke yi wa kansa. Abin nan da ake kai wa wani kuɗi da sunan uwa a ce ya kwana ya gano, duba ne aka sa wa rawani.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mai duba ya sace mana sama. Allah Ya yi rantsuwa da taurari, akwai surori masu sunan Najmi da Buruji da Ƙamar da Shamsi, kuma Ibn Abbas ya ba da labarin daren da ya kwana a ɗakin Maimuna ya ga Annabi ya tashi cikin dare ya dubi sama ya karanta ayoyin ƙarshen Ali Imrana, masu yabon ma'abuta tunani a kan halittar sammai da ƙasa. Annabi Ibrahimu da tauraro da wata da rana ya kafa wa mutanensa hujja, ya nuna musu cewa abin da ke faɗuwa bai cancanci bauta ba. Ranar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah ya rasu aka yi kusufin rana, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne, Annabi kuwa yana cikin baƙin cikin ɗansa bai bar maganar ta kwana ba, ya hau ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba ruwansu da mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarci a yi salla da addu'a da sadaka. Da yawanmu mun ga kusufin 29 ga Maris 2006, wanda rana ta rufe ɗungum a sassan Zamfara da Katsina. Masana sun faɗi ranarsa da sa'arsa tun shekaru kafin ya zo, bai kuwa saɓa ba, domin lissafin tafiya ne. Sanin lokacinsa bai hana mu tsayuwa sallar kusufi ba.

Kazar nan da tsofaffi ke jira, masana sun auna nisanta, haskenta yana yin shekara wajen 440 kafin ya iso idonmu, alhali na rana minti takwas yake yi. Watau hasken da za ka gani in ka fita tsakar gida da asubar damina ya baro gidansa tun Surame tana birnin sarautar Kabi, tun ba a haifi Shehu ba, tun ba a kafa Jega ba. Wanda ya tsaya ya yi wannan tunani da wuya bakinsa bai motsa da tasbihi ba.

Ina roƙon malaman makarantun Islamiyya na Jega da Aliero da Maiyama su fitar da ɗalibai waje ko da dare ɗaya ne a wata, a nuna musu tauraron arewa wanda ba ya gusawa, yana nan ƙasa-ƙasa kamar daraja 12 bisa doron ƙasa a wajenmu, a koya musu yadda za su bar shi a hagu su fuskanci gabas su ɗan karkata arewa su sami alƙibla in dare ya same su a daji ba waya. Tsofaffin da suka haddace manazil da abin da ake shukawa a kowanne suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan a Aliero tun 2006, da sashen aikin gona a cikinta. Ɗalibanta su ɗauki takarda da alƙalami su bi ƙauyuka su rubuta wannan lissafi daga bakin masu shi, a gwada shi da awon ruwan sama na shekarun nan, a ga inda ya tsaya daidai da inda ya gusa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu amsa tambayar da aka aiko a kan Larabar ƙarshen watan Safar da kwanakin da ake cewa na nahisa ne. Wassalamu alaikum.